Yadda ake kashe wutar rikici a wurin aiki tun ba ta kai gaban sufeton aiki ba

A ma'aikatun Yamai, abin da ke haɗa abokan aiki faɗa ba ya wuce rabon aiki, kuɗin mishon (na tafiyar aiki), jerin masu gadi, ko maganar da wani ya kai wa shef, wato shugaban wurin aiki, a bayan idon wani. Da farko ka gano wanne ne naka. Ka rubuta abin da ya faru, da rana da sa'a, kada ka haɗa da zato.

Ka bari kwana ɗaya zuciya ta huce, amma kada ya wuce kwana uku, don daga nan ƙiyayya ke somawa, a daina ko gaisawa. Ka sami abokin aikin naka ku biyu kaɗai, bayan azahar ko lokacin tashi. Kada ka kuskura ka jefa zancen a gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata. Saƙon murya ba ya ɓacewa, kuma wanda aka kunyata a gaban jama'a mutuncinsa zai tsaya karewa, ko da ya san bai da gaskiya.

Yadda ka buɗe baki shi ne rabin aikin. In ya girme ka, gaisuwa tukuna, har iyali. Sannan ka ce: "Yaya, ranar Talata takardar ba ta iso ni ba sai ƙarfe huɗu, shi ya sa aka tuhume ni. Yaya za mu yi nan gaba?" Kalmomin "kullum" da "halinka ne" su ke ɓata sulhu, domin suna mai da zancen takarda ya koma zancen mutum. Ka saurare shi har ya kai aya. Ku tashi da abu guda: wa zai yi me, zuwa yaushe.

In abin ya ƙi, ku nemi dattijon da ku biyun kuka yarda da shi. Wasan dangi, irin na Bafulatani da Babarbare, yana sassauta fuska ƙwarai, amma ba ya biyan haƙƙin da aka danne.

Rikici da shef kuwa hanyarsa dabam. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta tanadi wakilan ma'aikata a kamfanin da ke da ma'aikata fiye da 10, su ke kai koke gaban mai kamfani. In an ba ka takardar neman bayani a kan laifin da ake tuhumarka, ka amsa a rubuce cikin wa'adin da aka sa, gajere, ba zagi, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Shiru a nan kamar amsa laifi ne. Idan maganar albashi ce ko kora, ka tafi wurin sufeton aiki da kwantiragi da takardun albashinka. Shi zai gwada sasanta ku, in ya gagara sai kotun aiki.