Yadda Mai Gida da Mai Shago Za Su Shirya Idan Aikin Titi Ya Biyo Ta Unguwarsu a Gombe

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka ciro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin Gombe yake faɗaɗa, kuma a yawancin unguwanni gine-gine ne suka riga titi zuwa. Wurare irin su Malam Inna da Kagarawal da Tumfure, wadda ma a Ƙaramar Hukumar Akko take, sun cika da gidaje tun kafin a shata musu hanyoyi masu faɗi. Shi ya sa duk gwamnatin da ta zo da aikin titi, daga ta Ɗanjuma Goje zuwa ta Ibrahim Hassan Ɗanƙwambo har zuwa ta Muhammadu Inuwa Yahaya mai shirin kilomita 100 a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11, sai ta tarar da katangar wani ko zauren wani ko shagon wani a kan layin da ma'auna, wato masu awon ƙasa, suka ja. Titi alheri ne ga unguwa, amma a ganina ribar mutum ko asararsa tana yankewa ne a tsakanin ranar da aka shafa jan fenti a bangonsa da ranar da katafila ta iso, kuma wannan tsakanin ne mutane suka fi ɓatarwa wajen jin jita-jita a majalisa.

Abu na farko shi ne a gano aikin na wane ne. A bakin kowane aiki akan kafa allon kwangila mai ɗauke da sunan hukumar da ta ba da aikin, da kamfanin da zai yi shi, da injiniyoyin da za su sa ido. A ɗauki hoton allon a ajiye. Manyan hanyoyin da suka fita daga gari zuwa Bauchi da Biu da Yola na gwamnatin tarayya ne, titunan cikin unguwanni kuwa galibi na jiha ne, sannan akwai ayyukan da Bankin Duniya yake ba da kuɗinsu, kamar na gyaran kwaruruka a ƙarƙashin shirin ACReSAL. Bambancin yana da tasiri ƙwarai, domin ɗan kwangila ba shi ke yanke diyya ba, saboda haka tsayawa ana ɗaga murya da direban katafila ɓata lokaci ne. Ayyukan Bankin Duniya suna da nasu ƙa'idoji: ana ƙirga duk wanda aikin zai shafa, har da ɗan haya da mai tebur a bakin hanya, ana tsayar da ranar rufe ƙidaya, kuma ana kafa kwamitin karɓar koke. Wanda ya san haka zai tabbatar sunansa ya shiga kafin ranar ta wuce.

Daga nan sai a fahimci abin da doka ta tanada, don kada mutum ya sa rai da abin da ba zai samu ba, kada kuma ya bar haƙƙinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili idan amfanin jama'a ya buƙaci haka, titi kuwa yana cikin irin wannan amfani. Sashe na 29 shi ne ya yi maganar diyya, kuma a nan ne mutane da yawa suke shan mamaki: abin da ake biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar, wato gini da rijiya da katanga da itatuwa da amfanin gona. Ana lissafa kuɗin da za a kashe a sake irin ginin, a cire tsufan da ya yi, sannan dokar ta ce a ƙara wani kaso idan an jinkirta biya. Farashin fuloti a bakin dillalai ba shi ne ma'aunin wannan sashe ba. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma, a sashe na 44, ya ce a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba, ya kuma ba mai kadara damar zuwa kotu. Masu tsofaffin gidaje a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana su lura da sashe na 34 na dokar ƙasa, wanda ya ɗauki mai ginin da yake nan tun kafin 1978 tamkar wanda gwamna ya ba izinin mallaka, ko da babu takarda a hannunsa.

Duk da haka takarda tana rage wahala. A tattaro takardar shaidar mallaka idan akwai, ko takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa, da rasit na kuɗin ƙasa, da taswirar gini idan an taɓa samun amincewar hukumar tsara birni. A yi kwafinsu, a riƙe na asali a gida. Wanda bai taɓa yi wa filinsa rajista ba ya nufi hukumar GOGIS, wadda take kula da bayanan filaye a jihar, tun kafin a fara jin ƙishin-ƙishin ɗin aiki. Gidan gado shi ne ya fi kawo matsala, domin sau da yawa sunan marigayi ne a takarda, magada kuma sun warwatsu, wasu a Kano, wasu a ɗakin miji a wani gari. Ya kamata su zauna su zaɓi wakili ɗaya, su rubuta wakilcin kowa ya sa hannu, mata da maza, in da hali a tabbatar da shi a gaban alƙali. Idan ba a yi haka ba, kuɗin yakan maƙale, ko mutum ɗaya ya karɓa zumunci ya lalace.

Ranar da masu kimanta kadara za su zo ita ce babbar rana, kuma bai dace mai gida ya bar ta a hannun yara ba. Ya kasance yana nan da kansa, da abin awo a hannu, da wani maƙwabci a matsayin shaida. Kafin su zo ya ɗauki hoton kowane ɗaki ciki da waje, ya ɗauki bidiyo tun daga ƙofar zaure har zuwa bayan gida. Ya lura da abin da ake rubutawa: ginin bulo ne ko na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, rufin kwano ne na yau da kullum ko mai tsada, akwai silin ko babu, daɓen siminti ne ko tayil, ƙofofin na ƙarfe ne ko na katako. Abubuwan da aka fi mantawa su ne waɗanda ba sa tsaye a ido, kamar ramin shadda, da rijiya da zurfinta, da bututun ruwa, da wayoyin wuta na cikin bango, da mangwaro ko gwaibar da ke tsakar gida. Idan layin ya ratsa ta tsakiyar ɗaki, ya nemi a rubuta ɗakin gaba ɗaya, domin rabin ɗaki ba ya zaunuwa, ya kuma nemi a lissafa sabuwar katangar da dole ya gina don rufe iyalinsa. Kada ya sa hannu a takardar da ba a cike ba, kuma idan bai iya karanta Turanci ba, ya sa wanda ya yarda da shi ya karanta masa, sannan ya ɗauki hoton takardar da lambar da aka rubuta a bangonsa.

Doka ba ta hana mutum ɗaukar nasa mai kimantawa ba, kuma idan kadarar babba ce yin hakan ya fi. Sharaɗin shi ne ya kasance mai rajista da hukumar ESVARBON, wadda take yi wa masu kimanta kadara rajista a Najeriya, a kuma rubuta ladan da zai karɓa tun farko. A yi hattara da masu bi gida-gida da takardar wakilci suna alƙawarin ninka diyya. Haka nan masu tayar da gini cikin dare bayan an shafa fenti suna zubar da kuɗinsu ne, domin abin da aka gina bayan ƙidaya ba ya shiga lissafi, yana kuma jawo wa sauran maƙwabta zargi. Idan adadin da aka yanke bai gamsar ba, a rubuta koke mai kwanan wata, a haɗa da hotuna, a karɓi kwafi mai hatimi. Sashe na 30 ya ce saɓani kan adadin diyya ana miƙa shi ga kwamitin amfani da ƙasa da rabonta na jiha. Koken da mutum ashirin suka sa wa hannu ta hannun mai unguwa da dagaci da kansila ya fi saurin samun amsa.

Ɗan haya mai shago yana da nasa lissafin. Diyyar gini ta mai gida ce, saboda haka ya zauna da shi tun wuri a kan ragowar kuɗin hayar da ya biya, da kanta ko rumfa ko tayil ɗin da ya sa da kuɗinsa, a rubuta su da sunansa ranar ƙidaya. Wanda ba a taɓa shagonsa ba ma zai ji a jikinsa, domin watannin da ake zuba jar ƙasa ƙura takan turnuƙe layin, ciniki ya ja baya. Ya rage saro kayan da ƙura ke ɓatawa, ya karɓi lambobin wayar abokan cinikinsa, ya shirya da mai keke ɗaya da zai riƙa kai musu kaya. 'Yan layin kuma su nemi injiniyan aikin ya sa tankar ruwa ta riƙa yayyafi, ya bar wa kowane rukunin shaguna mashiga.

Inda na fi so a tsaya a kai shi ne magudanar ruwa, domin a Gombe ita ce rayuwar titi. Garin yana zaune ne a gangare, ƙasarsa kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa, ruwan da ya sauka a tudun yamma da gari yakan gangaro da ƙarfi, kuma kwarurukan da suka ci gidaje a unguwanni da dama shaida ne. Kwalta ba ta shan ruwa, saboda haka sabon titi yana ƙara yawan ruwan da ke gudu da saurinsa. Tambayar da ya kamata kwamitin unguwa ya yi wa injiniya tun ranar farko ita ce: ina wannan lambatun zai zubar da ruwansa? Idan ya ƙare a bakin wani lungu ba tare da an kai shi babbar magudana ko an ɗaure bakinsa da dutse da siminti ba, damina ɗaya ta isa ta fara sabon kwari a bayan gidajen mutane. A duba kuma tsayin titin. Bayan an cika ƙasa an zuba tsakuwa an shimfiɗa kwalta, sau da yawa titi yakan fi dokin ƙofar gida tudu, sai ruwan watan Agusta ya shiga zaure kai tsaye. Turakun da ma'auna suke kafawa suna ɗauke da alamar inda tsayin zai tsaya. A tambaya, a gwada da bakin ƙofa, a ɗaga dakali ko a canza wa ƙofa fuska tun ana rani. A nemi murfin siminti mai rodi a ƙofar kowane gida da shago yayin da ma'aikata suke wurin, domin idan suka tashi sai a koma ɗora katako a kan lambatu, wanda tsoho da mai ciki da mai tura baro suke tsallakawa da fargaba. Mai bututun ruwan famfo da ya ratsa hanya ya sa a saka masa faffaɗan bututu a ƙarƙashi kafin a zuba kwalta, don kada gobe ya zama shi ne mai fasa sabon titi.

Da zarar an buɗe titi, masu Keke Napep da 'yan acaɓa da a da suke ƙin shiga layin sai su fara shiga, kuɗin kai kaya daga babbar kasuwa ko Tudun Hatsi ya sauko, darajar gidajen bakin hanya ta tashi. Dillalai sun san wannan, shi ya sa suke zuwa da tayi tun ƙura ba ta kwanta ba. Wanda ba matsuwa ce ta kama shi ba ya jira a gama aikin kafin ya sayar. Mai niyyar fasa katanga ya fitar da shaguna ya nemi izinin hukumar tsara birni, ya bar tazarar da aka ƙayyade tsakanin gini da lambatu, domin shagon da ya hau kan filin titi rusau ne ƙarshensa, kuma babu diyya a kansa. Kwamitin unguwa kada ya watse bayan an gama maganar diyya: shi ne zai rubuta wa ma'aikatar ayyuka neman tudun rage gudu a gaban makaranta da masallaci, ya tsayar wa masu keke wurin tsayawa da ba zai toshe mararraba ba, ya kuma sa ranar yashe lambatu a watan Afrilu kafin ruwan farko. Idan kwalta ta fara tsagewa ko murfi ya karye a watannin farko, a kai rahoto a rubuce nan da nan, domin kwangilar titi takan ƙunshi wa'adin da gyaran irin wannan lahani yake wuyan kamfanin da ya yi aikin.