Yadda na magance zamewar kuloci a Golf 4 bayan ƙara wa inji ƙarfi

Golf 4 ɗina mai injin 1.8T (lita 1.8 mai turbo) ta fara zame kuloci bayan an sake saita kwamfutarta don ƙara wa inji ƙarfi. A giya ta huɗu, in na take totur, allurar juyin inji sai ta haura, gudun mota kuwa yana nan, ga ƙauri na tashi.

Dalilin a fili yake. Injin ya fito daga kamfani da ƙarfin murɗawa na Nm 210 (Nm shi ne ma'aunin wannan ƙarfin), saitin ya kai shi kusa da 300, kulocin asali kuma ba a yi shi don wannan nauyin ba. Da ƙarfin murɗawa ake zaɓen kuloci, shi ya sa na fara da wannan lissafin.

Bakanike ya so in sa farantin seramik mai fikafikai shida. Na ƙi. Yana jure zafi, gaskiya ne, amma kamunsa farat ɗaya ne, a cunkoso mota sai ta riƙa zabura, yana kuma cin fulawil, wato faifan ƙarfen inji da farantin kuloci ke kamawa. Wannan na filin tsere ne.

Na ɗauki kulocin injin VR6 na Volkswagen, ƙirar kamfanin Sachs, mai faɗin milimita 228, da fulawil ɗin injin G60 na Volkswagen mai hawa ɗaya a madadin mai hawa biyu na asali. Muka canza beyarin saki da sil ɗin bayan inji, tunda an riga an sauke giyabos.

Kilomita 800 na farko na bi a hankali cikin gari, ba fizga, don farantin ya zauna. Zamewa ta tsaya. Abin da ya rage shi ne ɗan karkarwar giyabos in mota na tsaye, halin fulawil mai hawa ɗaya ne, na kuma yarda da shi.