Darasi na Bakwai: Lissafin Kuɗin Mota

Mafi yawan mutanen unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina a Akra ba su da motar kansu, saboda haka trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ce ke kai su kasuwa da wurin aiki da asibiti, ita ce kuma ke mayar da su gida. Akwai manyan bas-bas na Metro Mass, wanda aka kafa a 2003, da na Aayalolo da suka fara aiki a Akra a 2016, amma ba kowace unguwa suke shiga ba, kuma mai sauri ba ya iya tsayawa jiransu. Don haka wanda ke fita kwana shida a mako yana hawa mota sau goma sha biyu aƙalla, ban da zuwa suna da biki da gaisuwar rasuwa, waɗanda ba sa ƙarewa a zango.

Matsalar kuɗin mota ita ce da kaɗan-kaɗan yake fita. Mutum yana tuna kuɗin hayar gida domin a dunƙule yake biyan sa, amma abin da yake miƙa wa yaron mota safe da yamma ba ya zama a ransa. Wannan darasi zai koya mana yadda za mu tara shi a takarda mu ga girmansa.

Mu ɗauki misali, ba ainihin farashin yau ba. A ce wata uwa tana zaune a Nima, tana sayar da atamfa a kasuwar Makola, kuma tana biyan sidi 6 zuwa, sidi 6 dawowa. A rana ta kashe sidi 12. Idan ba ta fita ranar Lahadi, kwanakin aikinta a wata sun kai 26, kuma 12 sau 26 ya ba mu sidi 312. Ba a sa kuɗin kaya a ciki ba, alhali duk ranar da ta ɗauko dila sai yaron mota ya yi mata ciniki dabam, ba a kuma sa na 'ya'yanta masu zuwa makaranta ba. Domin a gane nauyin wannan adadi, a tuna cewa mafi ƙarancin albashin yini da aka tsayar a Gana a 2025 shi ne sidi 19 da fesuwa 97. Lebura mai karɓar haka, in yana biyan sidi 12 a hanya, fiye da rabin guminsa ya tafi tun bai sayi koko ba.

Kuɗin mota ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin yana bin farashin mai, shi kuwa mai ana sake duba farashinsa sau biyu a kowane wata. Idan ya yi tsada ƙwarai, ƙungiyoyin direbobi irin su GPRTU sukan zauna da Ma'aikatar Sufuri a tsayar da sabon farashi. A 2022 an yi ƙari sau da dama a shekara ɗaya, a watan Mayun 2025 kuma aka sanar da ragin kashi 15 cikin ɗari. Ragin kashi 15 yana nufin hanyar sidi 10 ta koma sidi 8 da fesuwa 50, kuma wanda ya iya wannan lissafi ba za a ci masa fesuwa 50 ɗinsa da sunan babu canji ba. Ƙari yakan fara aiki tun da asuba, ragi kuwa sai fasinja ya buɗe baki.

Abin da ya fi cin aljihu shi ne yanka hanya. Da yamma, lokacin da jama'a suka yi cincirindo a bakin titi, wasu direbobi sukan ƙi kiran zango mai nisa. Yaron mota zai leƙo ta taga yana juya yatsa, alamar Shataletalen Kwame Nkrumah kawai za su, in an isa a sauke kowa, sannan motar nan dai ta sake lodi zuwa gaba da sabon kuɗi. Tafiya ɗaya ta zama biyu. Maganinsa shi ne a tambayi inda motar za ta tsaya kafin a sa ƙafa, ko a daure a shiga layi a tasha, inda farashi yake a tsaye kuma akwai shugabannin da za a kai wa ƙara. Jira ne, amma ya fi araha. Yana da kyau kuma a tanadi canji tun daga gida, a haɗa buƙatu biyu ko uku a fita ɗaya.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ja layi uku a littafinsa, ya rubuta rana a na farko, inda ya je a na biyu, abin da ya biya a na uku. A ci gaba da cikawa har mako guda, a haɗa jimla, a ninka ta sau huɗu, a kawo wa malam a zama na gaba.