Yadda ake zana fuskar mutum har a gane ko waye shi

Masu koyo da yawa na gani, su zana fuska ta fito tsaf kamar hoton fasfo, amma ka duba ka rasa mutumin a ciki. Ga yadda nake yi.

Kafin ka taɓa fensir ka zauna ku yi hira da wanda za ka zana ko ta minti 20 ce. Tambaye shi sana'arsa, inda ya taso, abin da ba ya fita gida sai da shi. Kuna magana kana lura da yadda yake riƙe baki da gefen da yake karya hula.

Sai ka fitar da tsarin kai da fensirin HB, wato mai matsakaicin tauri, kar ka danna. Ido a tsakiyar kai yake, ba can sama wajen goshi ba, kuma tsakanin idanu biyu faɗin ido ɗaya ne.

Wajen alama, wato abin da za ka sa a zanen ya nuna ko waye mutumin, nan ne na sha kashi. Na taɓa zana kakata, don wai ta yi kyau na goge billen da ke kumatunta, na share tamoji, sannan na cika bayanta da dagin Arewa da ƙwarya da tabarma, kawuna ya kalla ya ce "wannan kuma wace ce?" Wallahi abin ya min ciwo. Na sake daga farko, na bar bille yadda yake, na cire tarkacen nan duka na sa mata carbinta kawai a hannu, wanda 'ya'yansa suka yi sulɓi don yawan ja. Mahaifiyata da ta gani ta daɗe ba ta ce komai ba.

Don haka alama ɗaya ta isa, in ta yi yawa biyu, kuma daga rayuwarsa za ta fito. In marinin Ƙofar Mata ne, yi komai da baƙin fensir ka bar hannayensa kaɗai da shuɗin baba. Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko, da ta zana kanta a 1940 sarƙar ƙaya ta sa a wuyanta har da jini, kowa ya gani ya san tana cikin ciwo.

Inuwa kuma da fensirin 2B, sai 4B da ya fi shi baƙi, 6B da ya fi su baƙi ka ajiye wa ƙwayar ido da ƙasan haɓa. Da tishu ake murzawa, yatsa na barin maiƙo. In ka gama fesa masa feshin gashi daga nesa kar ya goge, ya fi na masu zane araha sosai.