Yadda ake halatta tabar wiwi da ƙuri'ar jama'a, da inda maganar ta tsaya a Kaduna

A teburan mai shayi daga Tudun Wada zuwa Kawo za ka ji ana cewa Turawa sun halatta wiwi da ƙuri'a, sai ka ce dare ɗaya aka yi abin. Hanya ce mai matakai, kuma mai goyon baya da mai adawa duk suna bukatar sanin inda take bi.

Da rubuta daftarin doka ake farawa, kuma nan ne aikin yake. Dole ya faɗi shekarun mai saye, yawan abin da zai riƙe, wanda zai ba da lasisi, da harajin da za a karɓa. Wanda jihar Kolorado ta Amurka ta amince da shi a 2012 ya ce shekara 21, oza ɗaya, wato kimanin gram 28, da tsiro shida a gida. Daftari ya tsaya kan magana ɗaya. A Dakota ta Kudu jama'a sun amince a 2020, amma kotun ƙolin jihar ta soke a 2021 saboda an cusa wiwin nishaɗi da na magani da na masana'antu cikin tambaya guda.

Daga nan sai tara sa hannun masu rajistar zaɓe. A Kalifoniya ana neman kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen gwamna na baya idan doka ce, kashi 8 idan gyaran tsarin mulki ne. Masu wayo kan tara fiye da adadin, domin wajen tantancewa ana zubar da sunan da ya maimaitu da na wanda ba shi da rajista.

Idan sa hannun ya cika, sai jama'a su kaɗa ƙuri'a, amma rinjaye ma ba ko'ina yake isa ba. A Fulorida a 2024 an samu kusan kashi 56, ta faɗi, domin 60 ake nema. A Ohayo a 2015 jama'a sun ƙi, saboda daftarin ya keɓe noman ga gonaki goma na masu zuba jari. Da aka kawo wani a 2023 sai ya wuce. Mutane na gane dokar da aka ɗinka wa 'yan kasuwa. Kuma ko an ci, dokar tarayyar Amurka ba ta daina haramta ta ba.

To, mu dawo gida. Tsarin mulkin 1999 bai ba ɗan ƙasa damar kawo doka ta ƙuri'ar raba-gardama ba. Ya tanade ta ne don abubuwa kamar ƙirƙirar jiha ko ƙaramar hukuma, da yi wa ɗan majalisa kiranye. Sha'anin ƙwayoyi kuma na tarayya ne kaɗai, don haka majalisar dokokin jihar Kaduna da ke Lugard Hall ba ta da hurumin halatta wiwi ko da duk Kaduna ta sa hannu. Dokar hana wiwi ta 1966 da dokar NDLEA ta 1989 suna nan daram.

Ƙofa ɗaya ce: Majalisar Tarayya. Ƙuduri zai bi karatu uku a majalisar wakilai da ta dattawa, sannan ya je wurin shugaban ƙasa. Bayan karatu na biyu ne kwamiti kan kira sauraron ra'ayin jama'a, kuma nan ne muryar mutumin Kaduna take shiga. A ganinmu, iyayen da suka taɓa kai ɗa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa sun fi kowa cancantar a ji su, a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6. Idan aka kawo ƙuduri kan wiwi, a rubuta takarda gajeriya, a sa lambar ƙudurin, a ambaci sashen da ake so a gyara ko a cire tare da dalili, a miƙa wa magatakardan kwamiti kafin ranar zama, a kai kwafi ofishin mazaɓar ɗan majalisarku, a karɓi shaidar an karɓa.