Yadda za ki sa man lavender a man shafawarki ba tare da ya ɓata miki fata ba

Yanzu duk mai sayar da kayan gyaran jiki a status sai kin ga ta rubuta akwai lavender a ciki, sabulu ne, man shafawa ne, har na jarirai. To 'yar uwa kafin ki tsiyaya 'yar kwalbar nan a man kaɗanyarki ki san ba irin man kwakwa ba ne. Lavender wani tsiro ne mai fure mai ƙamshi, furen ake turarawa a tace man daga tururin, yawanci daga Bulgeriya da kudancin Faransa yake zuwa, kuma sai an tara fure tuli guda kafin a samu cikin ƙaramar kwalba, shi ya sa yake da ƙarfin tsiya.

Amfaninsa na gaskiya ƙamshin ne, yana kwantar da hankali, wasu ma ya sa su barci mai daɗi, kuma a ɗakin gwaji an ga yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Amma batun wai yana sa haske ko ya goge nankarwa, wannan kam talla ce kawai.

Wajen saye ki duba jikin kwalbar, ta zama ta gilashi mai duhu an rubuta Lavandula angustifolia. In kin ga lavandin to ɗan uwansa ne mai araha, ya fi warin kafur, in kuma "fragrance oil" aka rubuta turare ne na haɗi. Ki ɗiga a farar takarda ki bari ya bushe, in ya bar shatin maiƙo an cuɗa shi da wani mai.

Awon shi ne inda ake samun matsala. Kada ki taɓa shafa shi zalla. Na fuska ɗigo 1 a ƙaramin cokalin shayi na man kwakwa ko zaitun, na jiki ɗigo 2, wato kwalba mai mil 30 ɗigo 6 zuwa 12 ya ishe ta, kuma dan Allah banda "bari in ƙara kaɗan ƙamshin bai fito ba", hancinki ne ya saba. In man kaɗanya ne ki narkar da shi ki bari ya huce sannan ki ɗiga ki juya sosai, don zafi yana korar ƙamshin. A ruwan wanka kuwa ba ya narkewa, sama yake tasowa ya manne a jiki zalla, sai dai ki fara haɗa shi da sabulun ruwa.

Kin haɗa? Shafa kaɗan a cikin hannu kusa da gwiwar hannu ki jira kwana 2. Ja, ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje, wanke da sabulu ki haƙura da shi.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa, akwai sinadarin linalool a ciki wanda idan iska ta daɗe tana shiga kwalbar yake canzawa ya koma mai jawo borin fata, har Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunansa a jikin kayan kwalliya, to ki haɗa wannan da zafin ƙasarmu da kwalbar da aka bari a gaban madubi murfi a kwance, man da kika shafa lafiya lau bara zai iya tayar miki da ƙuraje bana. Rufe shi gam, ajiye a inuwa mai sanyi, ƙamshi ya juya ki zubar.

Yara kuma ni ban ga dalilin shafa musu ba. A 2007 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza 3 da nono ya fara fito musu suna amfani da kaya masu lavender, da aka daina abin ya koma. Har yau masana na jayayya a kai, amma man kaɗanya zalla ya ishi jariri. Mai ciki ta fara tambayar likita. Wadda bilicin ya sa fatarta ta yi laushi ko mai kyasbi da ciwo a buɗe ta bari sai ta warke. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi za ki yi ta kwarara wa wurin minti 20, kada a ruɗe ki da lavender, in babba ce sai asibiti. Ba a shan sa, kuma kwalbar ta yi nesa da hannun yara.