Kurakuran da masu a-kori-kura suka fi yi da injin kwance noti mai batir

Wata Lahadi da la'asar sakaliya, ina dawowa daga kasuwar Gujungu da lodin gero, na tarar da wata Hilux ta durƙusa a gefen titi, tayar baya ta hagu ta fice ta gangara cikin gonar riɗi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Na tsaya muka gaisa, na yi wa direban jaje, sannan na tsuguna na duba. A cikin ƙusoshi shida da ke riƙe da tayar, huɗu sun guntule daga gindi, biyun da suka saura sun lanƙwashe. Direban sai rantsuwa yake: "Wallahi Malam, da hannuna na ɗaure ta da safe, kuma da inji na ɗaure, sai da ya daina juyawa na ƙyale shi." Na ce masa, "Ɗan'uwa, ai abin da ya karya su ke nan."

Ni ma ina da wannan injin, wanda a gareji ake ce wa impak, kuma ba zan kushe shi ba. Duk wanda ya taɓa yin faci da tsakar rana tsakanin Gumel da Maigatari, notin da ya yi tsatsa ya ƙi motsi, yaron mota ya hau kan sufana yana tsalle, ya san darajar abin da zai kwance noti shida kafin ka gama shan ruwan leda. Sai dai injin na kwancewa ne da kuma kai noti kusa da mazauninsa. Ɗaurin ƙarshe aikin hannu ne, kuma a nan yawancinmu muke tafka kuskure.

Ƙusar taya ba sandar ƙarfe ba ce kawai. Idan aka ɗaure noti, ƙusar takan ɗan miƙe kaɗan yadda ido ba zai gani ba, wannan miƙewar ce ke damƙe rim da jikin mota. Tana da iyaka. Hilux da yawa masu rim na ƙarfe, littafinsu ya ce a ɗaure notin taya a kan awo 105, a ma'aunin da ake kira niyuton-mita. Injin batir mai bakin rabin inci kuwa yana ba da ɗaruruwa, manyan ma suna haura 1,000. Idan ka danne shi har ya daina juyawa, ka ja ƙusar ta wuce inda za ta iya komawa, wuyanta ya sirance. A ranar ba za ka ga komai ba. Sai an yi lodi, an faɗa ramuka biyu uku, ɗaya ta tsinke, nauyinta ya koma kan 'yan'uwanta, su ma su bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran ba wuya. Ka fara ɗaura kowane noti da yatsunka, ya yi zagaye uku ko huɗu lafiya lau kafin inji ya taɓa shi. Notin da ya hau a karkace yatsa zai gaya maka, inji kuwa tura shi zai yi da ƙarfin tsiya ya cinye zaren. Sannan ka sa injin a kan ƙaramin gudunsa, da noti ya taɓa rim ka saki. Kada ka bi su a jere kamar mai jan carbi: ka ɗaure wannan, ka tsallaka ka ɗaure na daura da shi, har su cika, don rim ya zauna daidai. Ka sauke motar, ka ƙarasa da sufanar awo, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin da ka saita. Ana samunta a Kano, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya sabuwa ba.

Wanda bai mallake ta ba tukuna, ga lissafin da zai taimake shi. A kan sufana mai tsawon rabin mita, awo 105 kwatankwacin nauyin kilo 21 ne a ƙarshen hannunta, wato bai kai rabin buhun siminti ba. Namiji mai kilo 70 idan ya taka ƙarshenta ya tsaya, ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau uku. Saboda haka hawa kan sufana da ƙara mata bututu, dabarun kwancewa ne, ba na ɗaurewa ba. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka tsaya ka sake bin notocin, domin rim yakan ƙara zama. Kuma kafin ka mayar da taya ka goge yashi da tsatsa daga inda rim ke haɗuwa da mota. Ƙasar da ta maƙale a wurin za ta murƙushe a hanya ta bar noti sakwa-sakwa.

Akwai masu shafa giris ko baƙin mai a ƙusa wai don ta yi sauƙin kwancewa gobe. Niyyar mai kyau ce, amma awon da ke littafi na busasshiyar ƙusa ne. Da mai a jiki, noti yana zamewa ya matse fiye da kima alhali hannunka bai ji nauyi ba. Buroshin waya ya isa.

Sai maganar soket, wato ƙoƙon ƙarfen da ake sa wa inji ko sufana a baki ya kama kan noti. Mai sheƙi kamar azurfa na aikin hannu ne, ƙarfensa yana da tauri amma ba ya jure duka, yana iya tarwatsewa a bakin inji ɓarɓashinsa ya nufi ido. Na inji baƙi ne, mai kauri. Notin tayar Hilux lamba 21 yake sha. Idan ba ka ga 21 ba ka ɗauki 22 ka ce ai kusa ne, daƙiƙa kaɗan kan notin zai koma mulmulalle, daga nan sai mai walda. Wanda kuma yake taɓa Canter ko makamantanta ya duba kan ƙusa da kyau: da yawansu tayoyin hagu zarensu na hagu ne, akan buga harafin L a kai. Ka sa inji ya kwance kamar yadda ka saba, ashe ƙara ɗaurewa kake yi.

Wasu wuraren kuma injin bai kamata ya je ba sam. Notin juye baƙin mai, filogi, da duk abin da ke shiga cikin alminiyom, da hannu ake bi da su. Zaren da ya mutu a gindin inji yana iya zaunar da mota kwana biyu ana jiran kaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ga rana ta kasuwa ta wuce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jak. Ƙasarmu ta Jigawa rairayi ce, jak kuwa gindinsa bai fi tafin hannu ba, mota kuma da buhu goma sha a bayanta. Da can, dole ka sassauta noti tun taya na ƙasa, wannan ya sa mutum yakan natsu ya sa weji, ya ja birkin hannu, ya sa giya. Yanzu da inji ke kwance noti ko taya na lilo a sama, sai gaggawa ta sa a tsallake duk waɗannan. Na san mutumin da mota ta zame daga kan jak ta danne masa hannu, har yau ba ya iya damƙe sitiyari da shi, kuma yana da iyali. Don Allah kada motarka ta rabu da guntun katako mai kauri da faɗi wanda jak zai tsaya a kai. Ka sa weji gaba da baya a tayar da ke ɗaya kusurwar, wato idan ta baya ta hagu za ka cire, sai ta gaba ta dama. Idan lodi ya yi yawa, a sauke wasu buhunan, wahalar minti goma ce. Tayar da ka cire ka kwantar da ita a ƙarƙashin shasi. Shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita kuwa, ko da leƙe ne, kada ka yi, kada ka bar yaronka ya yi. Bulo na siminti ma ba abin dogaro ba ne, yakan ruguje ba gargaɗi.

Yadda ake ɗaukar injin a mota shi ma akwai gyara. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi. Littattafan kamfanin Makita, mai ƙera irin wannan inji, suna gargaɗin kada a ajiye shi inda zafi zai kai digiri 50, a yi masa caji kuma tsakanin digiri 10 da 40. A watan Afrilu da Mayu, a inuwa ma garinmu yana haura 40, balle cikin motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana a filin kasuwar Maigatari tun hantsi. Batirin da ya yini a kan dashbod ba zai daɗe ba. Ka zare shi daga jikin injin, ka sa a akwatinsa, ka tura bayan kujera a ƙasa. Idan ya yi zafi bayan aiki, ka bar shi ya huce kafin ka jona caji. Kada kuma ka jefa shi tsirara cikin buhun sufanu da notoci, domin ƙarfe ɗaya ya haɗa bakunansa biyu ya isa ya tayar da wuta, ga jarkar mai a kusa. Wanda ya kumbura ko ya tsage ya gama aiki, a raba shi da mota. Lokacin hunturu kuma, ƙura na toshe ramukan da injin ke shan iska, sai ka riƙa kai wa mai faci ya hure maka su.

Wajen saye, kada manyan lambobi su ruɗe ka. Mai 18V da mai 20V kusan abu ɗaya ne, ƙwayoyi biyar ne a jere a cikin batirin, kowane kamfani da yadda yake rubuta nasa. Wanda ka ga an rubuta masa 88V ko 288V a kan araha, ado ne kawai a kwali. Lambar da ke gaya maka daɗewar caji ita ce mai Ah a gefe, 4 ko 5 ya fi dacewa da tayar a-kori-kura. Kuma duk kyan injinka, tsohuwar sufanar taya ta ci gaba da zama a mota. Caji yakan ƙare, kuma a ƙauyukanmu ba ko'ina ake samun wuta ba.

Direban nan na hanyar Gujungu, da aka samo masa ƙusoshi ya so ya canza guntulallun huɗu kawai, ya miƙe sauran biyun da guduma. Na roƙe shi ya canza duka shidan har da notocinsu, tunda azaba ɗaya suka sha. Muka ɗaga rim ɗin a hasken fitilar waya, ramukan ƙusar sun buɗe sun zama kamar ƙwai, don haka safaya muka ɗaura masa. Kafin mu rabu na ba yaronsa sufanar awo na ce ya bi sauran tayoyi ukun, ya sassauta kowane noti ya sake ɗaure shi a kan 105. A tayar gaba ta dama, yana taɓa noti na biyu ƙusar ta biyo shi a hannu.